Mu Zuba Furanni Ko Kada Mu Zuba?

Ottapalam, 18 ga Afrilu

Sankaretta,

Yaya Sankaran, gaisuwa mai yawa daga ni Sarada, da kuma mahaifiyata Amma. Muna lafiya, in ka cire gwiwar Amma da ta saba ciwo, da zafin da ya hana mu sakat. Rijiya ta yi ƙasa har guga na taɓo laka. Na ga mahaifiyarka ranar kasuwa, garau take, ta ce in gaya maka kwakwar bayan gidanku ta soma 'ya'ya. Da fatan kai ma kana lafiya, kai da Suku, ƙanen nan nawa da ka ɗauke mana.

Shi ne ma dalilin wannan takarda. Na san ban taɓa rubuto maka ba, kuma dangantakarmu sai an zauna an lissafo kakanni kafin a gano inda ta haɗu. Sai dai kai ka nema wa Suku takardar tafiya Maskat, kai ka zo tsakar gidan nan ka taɓa ƙafar Amma ka ce ta ɗauka yana hannun wansa. To, yau ga ni na zo wurin wan.

Suku bai rubuto ba tun farkon Fabrairu. Ka san shi, ko sauro ne ya cije shi sai ya cika shafi biyu. Shekara uku yana can, duk Vishu, bikin sabuwar shekara, kaset ɗinsa kan riga ranar isowa, yana yi mana waƙa da muryar nan tasa mai korar kaji. Bana shiru kake ji.

Amma ta shirya kani, kayan da ake fara gani da asubar Vishu, kamar kullum: tasar tagulla da shinkafa, kokwamba, furen konna, madubi, gunkin Krishna a tsakiya. Da asuba ta rufe mini ido da tafin hannunta ta ja ni gaban fitila, sai ka ce ba ni ce mai shekara talatin da huɗu ba. Ina buɗe ido na ga ta jingina hoton Suku kusa da madubin. Na ce, "Amma, yaushe wannan ɗan banzan ya shiga sahun alloli?" Ta ce, "Abin da ido ya fara gani ranar Vishu shi zai yi ta gani duk shekara. Ni shi nake so in gani, ke ki kalli kokwambarki." Mun yi dariya, mun ci, mun sha kunun payasam mai zaƙi, amma duk wanda ya taɓa ƙyauren gida sai ta ɗaga kai.

Ni dai ga zargina. In wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kottayam ta ɗauke masa hankali, ka faɗa mini, na san yadda zan lallaɓa Amma. In kwalba ce, ka ja masa kunne kafin in zo in ja naku ku biyu. Ka sa shi ya rubuto ko layi uku ne.

Ƙanwarka,
Sarada

Maskat, 5 ga Mayu

Sarada,

Takardarki ta same ni lafiya. Ina gaida mahaifiyarki, gwaggona Ammayi, da kyau, ki ce ta riƙa shafa man nan mai ɗumi a gwiwar, ta daina hawa tudun haikali sau biyu a rana. Ni ina nan tsakanin tukwane, ina dafa wa mutum tamanin, kowa da ƙorafinsa. Wannan gishiri ya yi yawa, wancan yaji bai ji ba. Bayana ya soma ciwo, shekaru ne.

Zancen Suku, ki kwantar da hankalinki. Babu mace, babu kwalba, wannan na rantse miki. Kamfani ya kwashi wasu ma'aikata zuwa cikin hamada shimfiɗa titi, tafiyar kwana biyu a mota. Can babu akwatin wasiƙa, babu kanti, sai yashi da raƙuma. Laifina ne da ban rubuto na sanar da ku ba. Aiki ya sha mini kai.

Ki ba ni labarin gida. Mangwaron bakin tafki ya yi 'ya'ya bana? Giwa nawa aka fito da su a bikin haikalinmu? An ce masu gangar ƙetaren kogi sun fi namu, ban yarda ba. Har yanzu shugaban makarantarku yana barci a ofis? Ki rubuto mini duk waɗannan, mutum a nan da irin su yake rayuwa.

Ki ce wa Ammayi ta ci abinci, kada ta sa damuwa a ranta.

Wanki,
Sankaran

Ottapalam, 26 ga Yuni

Sankaretta,

Muna lafiya. Damina ta sauka da ƙarfinta, rufin ɗakin girki na yoyo a wuri uku, Amma ta yi mura ta warke. Giwa biyar aka fito da su, mangwaro ya yi, shugaban makaranta yana nan yana barcinsa. Na amsa naka, saura nawa.

Jiya takardar "Suku" ta iso, bayan mako bakwai da taka. Rubutunka ne daga sama har ƙasa. An bayyana a ciki cewa ya karye a wuyan hannun dama, an yi masa ɗori, shi ya sa ya faɗa kai kuma ka rubuta. To, madalla. Sai dai ban gane ba, Yaya: mutumin da ke tafiyar kwana biyu cikin hamada, yaya aka yi ya zauna kusa da kai yana yi maka shifta? In ya zo gari, me ya hana ku ɗauki kaset? Da hannu yake magana?

Na karanta wa Amma a baranda. Tana murmushi har muka iso inda ya ce a dafa masa chakka, ƙaton ɗan itacen nan mai wari, da mazarƙwaila a aiko masa a gwangwani, wai kwaɗayinsa ya dame shi. Sai ta ajiye tsintar shinkafar da take yi ta ce, "Sake karanta wurin nan." Na sake. Ta ce, "Suku? Chakka?" Yaron da in aka fasa chakka a gidan nan yake ɗaukar tabarmarsa ya koma gindin kwakwa saboda warin! Duk dangi an san wanda ke cinye rabin chakka shi kaɗai ya lashe yatsu, kuma sunansa ba Suku ba ne.

Sa hannun da ke ƙasa kuma, wai da hagu ya yi shi. Shekara goma sha biyu ina duba littattafan yara. Na san sa hannun uba in ɗa ne ya kwaikwaya, yakan fi na gaskiya kyau da natsuwa. Ban faɗa wa Amma wannan ba.

Ka gaya mini gaskiya: yana kurkuku? Na san bakinsa, na san zuciyarsa, ba zai yi wuya ya mari wani babba a wurin aiki ba. In haka ne, ba abin kunya ba ne da za ka ɓoye mana. Mutum yakan shiga ya fito. Abin da ba na so shi ne a mai da ni yarinya. Na ji haushinka ƙwarai jiya, kuma yau ma bai huce ba.

Sarada

Maskat, 11 ga Yuli

Sarada,

Ina lafiya, ina gaida Ammayi. Na ji daɗi da murar ta sake ta.

Takardarki ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na karanta ta ina tsaye gaban murhu, har shinkafa ta kama. Wato ni ne maƙaryaci mai kwaikwayon sa hannu, kamar yaran ajinki? Ko kina nufin na danne yaron ne, na hana shi magana da uwarsa? Ni da nake ba shi kwanon farko kafin kowa ya ci, ni da na kwana kansa lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi shekarar da ya zo? Ban zaci haka daga gidanku ba.

Ba ya kurkuku. Na rantse da ubangijinmu Guruvayurappan bai taɓa kwana hannun 'yan sanda ba. Maganar chakka kuwa, ke ba ki san hamada ba. Wanda ya yi wata huɗu yana cin busasshen burodi da wake, ko ɓawon chakka aka ba shi zai ci. Kaset kuma rediyona ya lalace tun bara.

Moidu na gidan bakin gada, da ke aiki a nan, zai zo gida hutu farkon Agusta. Zan ba shi kayan bikin Onam ya kawo muku, zanen Ammayi da naki, da sunan Suku. Ki karɓa ki daina bincike kamar ɗan sanda. Wasu abubuwa sai an zauna ido da ido, hutuna kuwa Disamba ne. Ki yi haƙuri har lokacin.

Sankaran

Ottapalam, 9 ga Agusta

Sankaretta,

Muna nan. Amma ta rame, tana cin rabin abin da ta saba. Mahaifiyarka lafiya lau.

Moidu ya zo shekaranjiya da kayan. Mun gode. Zannuwa ne masu kyau, farare masu bakin zinariya, irin wanda dattijo mai hankali zai zaɓa. Suku bai taɓa zaɓa mini zane ba sai mai launin da ke sa yaran aji rufe ido. To, mu bar wannan.

Amma ta zaunar da Moidu ta ba shi shayi ta ce, "Ɗana, yaya Suku? Hannun ya warke?" Ya ce, "Wane hannu, Parukutty Amma? Ni fa a kanti nake bakin teku, su suna sansani bayan gari. Rabona da shi tun Janairu, da ya zo sayen batir ya cika mana kanti da surutu." Ta ce, "Sankaran fa?" Ya ce, "Shi kam na gan shi kwanan nan, ranar nan taku ta ciyar da magabatan da suka rasu. Da sassafe na hango shi bakin ruwa da jiƙaƙƙen zane, ya ajiye curin shinkafa yana tafa wa hankaki su zo su ci. Na yi masa magana bai ko ji ni ba." Amma ta ce, "Ganye nawa ya shimfiɗa?" Moidu ya yi dariya ya ce, "Kai, Amma, har wannan? Biyu na gani." Bai san abin da ya faɗa ba, bawan Allah. Ya shanye shayinsa ya tafi.

Kowane mamaci ganyen ayaba ɗaya ake shimfiɗa masa. Mahaifinka ya rasu, ganye ɗaya nasa ne. Mahaifiyarka ni na gan ta jiya tana korar akuya. Na biyun na wa ne?

Na ɗauko takardunka na sake karantawa a jere. Ka rantse babu mace. Ka rantse babu kwalba. Ka rantse ba kurkuku ba. Duk abin da na tambaya ka rantse a kansa, abin da ban iya tambaya ba kuwa ba ka taɓa shi ba. Hannuna ba zai rubuta kalmar ba, don haka zan tambaye ka ta wata hanya, kuma ba ni ce mai tambayar ba, Amma ce.

Atham, ranar da ake soma zuba furen Onam, ashirin da tara ga wata ne. Ka san gidan da aka yi rashi ba ya zuba furen Onam a tsakar gida sai shekara ta zagayo. Ba ya dafa abincin biki, ba ya sa sabon zane, ba ya kafa gunkin yumɓu na Thrikkakarappan. Shekarar da mahaifinmu ya rasu haka tsakar gidan nan ta zauna fayau kwana goma, Suku yana ɗan shekara tara yana leƙen na maƙwabta ta shinge yana kuka. Amma ba ta taɓa karya wannan ba, ba kuma za ta karya ba da saninta.

Ta ce in rubuta maka haka, kalma da kalma: "Sankara, mu zuba furanni ko kada mu zuba? In ka ce mu zuba, zan zuba, ba zan ƙara tambaya ba. In akwai zunubi a ciki, a wuyanka yake."

Wasiƙa kwana goma take yi a hanya. In ka amsa ranar da ta same ka, amsar za ta riski Atham. Kada ka ba ni labarin raƙuma.

Sarada

Maskat, 19 ga Agusta

Sarada,

Ina gaida Ammayi, ina gaishe ki. Ina lafiya.

Ganye na biyu na mahaifinku ne. Duk shekara Suku ke zuwa bakin teku ya ajiye masa shinkafarsa. Bana ba ya nan, na ga bai kamata dattijon ya kwana da yunwa ba, na tsaya a madadinsa. Hankaka ya zo ya ci, ki gaya mata.

Ki ce wa Ammayi ta zuba furanninta. Ta ci abinci, ta sa zanenta. Ku zuba.

Mota na jira, zan ba direba wannan ya jefa a akwati.

Sankaran

Ottapalam, 30 ga Agusta

Sankaretta,

Gaisuwar Onam daga gidan da ya dawo hayyacinsa. Muna lafiya, lafiyar da muka daɗe ba mu yi irinta ba.

Takardarka ta iso ana gobe Atham, kamar ka auna. Na karanta wa Amma, ta sa na maimaita "Ku zuba" har sau uku. Sai ta dafe ƙirji ta kira sunan abar bautarmu ta ce, "Devi, na gode miki. Sankaran ba zai ɗauki zunubin nan a kansa ba, na san uwar da ta haife shi." Daren nan ta ci tuwon shinkafarta ta nemi ƙari.

Jiya tun gari bai gama wayewa ba ta shafe tsakar gida da kashin shanu, ta ɗauki kwando ta fita tsinkar farin furen thumba da kanta. Matar da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa rijiya! Yau kuma da'ira biyu, fari da rawaya, tunda kullum ɗaya ake ƙarawa. Har faɗa suka yi da Janaki maƙwabciya a kan furen da ya leƙo ta shinge. Janaki ta ce itacen nata ne, Amma ta ce, "Itacen naki ne, furen kuwa gidana yake kallo." Na yi dariya har da hawaye. An kawo nonon ayaba biyu an rataye, an wanko babbar tukunya, yumɓun Thrikkakarappan yana jiƙe a bayan ɗaki. Ta ce ranar Thiruvonam, babbar ranar bikin, za ta shimfiɗa wa Suku ganyen cin abincinsa ta zuba masa komai, ko ba ya nan.

Yaya, ka yafe mini. Wata huɗu ina yi maka kallon ɓarawo. Na auna kowace kalmarka, na duba sa hannu da gilashi, na yi maka rashin kunya a takarda, kai kuwa kana can kana tsaya wa mahaifinmu a bakin teku. Halin malamai ne, kowa ɗalibi ne mai satar amsa. Ina jin kunya ƙwarai. Amma ta dafa chakkan nan da mazarƙwaila, gwangwani biyu, Moidu zai taho da su. Ta ce ɗaya na Suku, ɗaya na wanda muka san shi zai cinye duka biyun.

Ka gaishe mini da ɗan banzan in ya fito daga yashinsa. Ka ce hannun hagu ma hannu ne.

Ƙanwarka,
Sarada

Maskat, 23 ga Agusta

Sarada,

Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki buɗe ta a baranda.

Kwana huɗu ke nan da na rubuta muku ku zuba furanni. Ƙarya na yi. Kada ku zuba. In wannan ta makara kun riga kun soma, ku kwashe.

Suku ya rasu ranar tara ga Fabrairu. Motar da ke kai su wurin aiki ta kife da safe, mutum uku suka tafi, shi da wasu biyu da ba mutanenmu ba. Bai kai asibiti ba. Ba na wurin, ina yanka albasa aka zo aka kira ni. Sunana ne a takardunsa a matsayin ɗan'uwa, don haka ni aka sanar, ni na ce zan sanar da gida. Na roƙi 'yan ƙasarmu na sansani su yi shiru, suka yi. Moidu bai san komai ba, kada ki ga laifinsa.

Ni na kai shi wurin ƙona gawa, tafiyar awa uku daga nan. Ni na sa wutar. Tokarsa tana wurina cikin 'yar tukunyar ƙasa, na ɗaure bakinta da jan ƙyalle, tana cikin akwatina ƙarƙashin gado. Wata shida a kanta nake kwana. Ganye na biyu nasa ne. Na san ba ni ya kamata in ajiye masa ba, amma babu kowa.

Na ce wa kaina zuciyar Ammayi ba za ta ɗauki labari a takarda ba, gara in zo Disamba in durƙusa gabanta in faɗa da bakina. Wannan rabin gaskiya ne. Sauran rabin tsoro ne. Na taɓa ƙafarta na yi alkawari, kuma na kasa rubuta cewa na gaza. Kowace takarda na ɗauka ita ce ta ƙarshe da zan yi ƙarya a cikinta, sai taki ta zo, in ƙara wata.

Jiya mutanen sansani suka taru a kan abincin Onam, wa zai nemo ganyen ayaba, wa zai kankare kwakwa. Na ce bana su nemi wani ya dafa, ni ba zan iya ba, ba kuma zan ci ba. Akwai wani tsohon magini, Chathu, ya dube ni ya ce, "Sankara, kai da zumuncinku ya yi nisa, babu abin da ya hana ka, ka ƙi ci. Uwar yaron fa, me za ta ci ranar?" Na ce na rubuta mata ta yi biki. Ya tofar da goron bakinsa ya tashi daga kusa da ni.

Ƙaryar hamada da ta hannu, waɗannan tsakanina da ke ne. Wannan ta ƙarshe daban ce. Na sa tsohuwa ta kunna fitila ta yi murna a gidan da ba a yi wankan rashi ba, ɗanta kuma ba a yi masa zaman makokin kwana goma sha shida ba, ba a ba shi ko ƙwayar shinkafa daga hannun jininsa ba. Ta ce zunubin a wuyana yake. Na karɓa, amma kada ya ƙaru ko da kwana ɗaya.

Ban san yadda za ki faɗa mata ba. Na bar miki aikin da ni ya kamata in yi, shi ma ki haɗa da sauran laifina. Ba na roƙon gafara.

Sankaran

Ottapalam, 4 ga Satumba

Sankaran,

Ba zan tambayi lafiyarka ba. Akwai takardata ta talatin ga Agusta a hanya, wadda na ba ka haƙuri a ciki. In ta iso ka yaga ta.

Kada ka jira Disamba. Ka je wurin manyanku ka nemi hutu, in sun hana ka ajiye aikin. Ka kawo tukunyar da kanka. Kawunmu ya ce za a soma ƙirga kwanakin makoki daga jiya, kamar jiya aka yi rashin, kuma tokar sai ta shiga kogi.

Takardarka ta makara kwana shida. Jiya da tsakar rana mai kawo wasiƙa ya miƙo mini ita a bakin ƙyaure, har yana yaba furanninmu, wai duk layin babu kamar su. Da'ira shida ne jiya. Na karanta a tsaye a bayan rijiya. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Na tsane ka a lokacin, ban taɓa tsanar mutum haka ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban daina ba.

Amma tana baranda, ta hura murhu tana yanka ayaba cikin mai, tana 'yar waƙa. Na zo na tsaya. Na buɗe baki sau biyu, babu abin da ya fito. Ni da ke tsayawa gaban yara arba'in kullum ban rasa abin faɗa ba. Ka san a gidan nan da hannu ake kwashe furen jiya, da asuba, kafin a zuba sabo. Ba a taɓa shi da rana, ba a kuma kusantarsa da tsintsiya sai in an yi rashi. Na shiga bayan ɗaki na ɗauko tsintsiya na fito tsakar gida.

Waƙar ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi tsintsiyar, ta dubi takardar da ke ɗaya hannuna. Ta sauke kaskon daga wuta a hankali, ta ajiye wuƙa.

Ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Fabrairu, Amma. Tara ga wata."

Na ga tana lanƙwasa yatsu tana ƙirga watanni. Ta ce, "Kafin Vishu ke nan."

Na ce, "Kafin Vishu."

Ta sauko daga baranda ba tare da ta dafa ginshiƙi ba, ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni. Ni na zuba." Ta share su da'ira bayan da'ira, tun daga waje har farin thumba na tsakiya, ta tara a gindin shinge. Ba ta bar ko ƙwaya ɗaya ba. Janaki tana shanya ta hango, ta saki kayan a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ba mu aika wa kowa ba, amma kafin la'asar tsakar gida ta cika da mutane. Duk wanda ya wuce ya ga filin fayau ya san abin da ya faru.

Da ta gama ta jingina tsintsiyar, ta tsaya tana kallon kaskon da ayabar da ta soya. Sai ta ce, "Wata shida ɗana yana yawo da yunwa, ni ina nan ina soya ayaba."

Ba ta yi kuka ba tukuna, ni ce ke yi.

Sarada